Tambayoyi da amsoshi: baƙo da motar haya a garin da bai sani ba

Wannan bayanin na wanda ya sauka a garin da bai taɓa zuwa ba ne, ko karatu ya kai shi ko fatauci ko jinya ko ziyara, ga shi ba mota ba mai kai shi nan da can. Tambayoyin su ne dai ake ta maimaitawa kullum, wasu amsarsu layi biyu ce wasu kuma sai an ɗan zauna. Abin da na lura da shi, ba girman gari ke wahalar da baƙo ba, abu uku ne: bai riƙe sunan inda zai sauka ba, bai san ɓangaren da motar ta nufa ba, sannan bai san yadda ake biya ba.

Yanzu na sauka a filin jirgi ga kaya, in nemi bas ko in ɗauki tasi kawai?

Ya danganta da kayanka da kuma lokacin da ka sauka. In akwati ɗaya ce da jakar baya kuma da rana ne, toh nemi jirgin ƙasa ko bas ɗin cikin gari, yawancin manyan filayen jirgi suna da shi kuma akwai alamu a rataye da hoton bas ko na jirgi, bin su kawai zaka yi. A filin jirgin Heathrow na Landan misali layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly na zuwa har cikin filin tun 1977, ga kuma layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, sai kuma Heathrow Express wanda ya fi su sauri amma ya fi su tsada nesa ba kusa ba, baƙi da yawa shi suke faɗawa saboda tallarsa suka fara gani. Amma in akwatuna uku ne ga yara ga tsohuwa, ko ƙarfe ɗayan dare ka sauka, malam ɗauki tasi, ba ranar koyon gari bace. Sai dai ka je inda tasi ke layi a hukumance ko ka kira ta manhaja, wanda ya tare ka tun a bakin ƙofa yana "tasi tasi" yana kai hannu kan akwatinka, ka gode masa ka wuce.

Wai da kuɗi a hannu ake biya ko sai da kati?

Nan ne fa ya kamata ka bincika tun kafin ka baro gida, don kowane gari da nasa tsarin kuma direba ba shi da lokacin yi maka bayani mutane na tsaye a bayanka. Bas ɗin Landan tun 2014 basa karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata, ko ka miƙa direba kai kawai zai girgiza maka. Garuruwa da yawa suna da katinsu da ake saka wa kuɗi kamar yadda ake loda waya: Octopus a Hong Kong tun 1997, Suica a Tokyo tun 2001, Oyster a Landan tun 2003, Nol a Dubai, Istanbulkart a Santambul wanda har jirgin ruwan da ke tsallakawa tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya zaka hau da shi. Ana sayar da su a na'ura ko a tagar tasha, sai ka ɗora katin a kan wurin da aka tanada ka ji ƙara ko ka ga koren haske ƙofa ta buɗe.

Wasu wuraren kuma katin bankinka ma ya isa in irin wanda ake ɗorawa ne ba sai an zura ba, amma ka fara tabbatarwa bankinka ya buɗe maka shi don amfani a waje, ka kuma san ko suna cire wani abu na canjin kuɗi a kowace ɗorawa. Abu biyu da suke cin kuɗin mutane a banza: na farko a jirgin da ake lissafi da nisa sai ka ɗora a shiga ka kuma ɗora a fita, in ka manta na fita na'ura bata san inda ka sauka ba sai ta cire maka mafi yawan kuɗin da ake cirewa. Na biyu kuma katin da ka shiga da shi shi zaka fita da shi, kada ka shiga da katin roba ka fita da wanda ka saka a cikin waya wai ai asusun ɗaya ne, ita na'urar mutum biyu take gani. Kuma ka zaro katin daga walat kafin ka ɗora, in akwai kati biyu a ciki tana iya cira daga wanda baka yi niyya ba.

Inda kuma har yanzu kuɗin hannu ne, riƙe ƙanana. Kwandasta da babbar takarda da sassafe basa shiri, wasu bas ɗin ma akwati ne kake jefa kuɗin ciki kuma baya bada canji.

Na sayi tikiti da kuɗina, me ya sa kuma aka ce zan biya tara?

Saboda saye daban, bugawa daban. A Berlin da garuruwa da yawa na Turai babu wata ƙofa da zata tare ka, kana iya shiga jirgi ka zauna ba wanda ya ce maka uffan, sai baƙo ya ɗauka ai shikenan. Alhali akwai wata ƙaramar na'ura a dandamali, wato inda ake tsayawa jiran jirgi, ko a cikin bas da zaka zura tikitin takardar ta buga masa rana da lokaci, in ba a buga ba toh daidai yake da baka saya ba, tunda kana iya ajiye shi ka sake hawa da shi gobe. Masu dubawa kuma a Berlin sau da yawa kayan gida suke sawa, sai ƙofa ta rufe jirgi ya tashi sannan su fito da shaidar aiki, kuma "ni baƙo ne ban sani ba" sun ji ta har sun gaji.

Ɗaya dalilin shine shiyya. Ana raba gari kashi-kashi daga tsakiya zuwa baki, Berlin A da B da C ne kuma filin jirginsu a C yake, Landan kuma da lambobi ake ƙirgawa daga 1 a tsakiyar gari. In tikitinka na shiyya biyu ne ka zarce ta uku, laifi ne ko da tasha ɗaya ka ƙara. Sannan kada ka yar da tikiti sai ka fita daga tashar gaba ɗaya, wani wurin da shi zaka buɗe ƙofar fita.

Ya zan gane wace mota ko wane jirgi zai kai ni?

Lamba ko launin layi rabin amsar ne kawai, ɗaya rabin shine ina ya nufa. Kowane layi yana da baki biyu, bas mai lamba ɗaya yana tafiya yana dawowa, kaga kenan kana iya hawa lambar da ta dace amma ta yi gabas kai kuma yamma kake so. Abin da ake rubutawa a goshin bas ko a allon dandamali shine sunan tasha ta ƙarshe, ba taka ba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris haka alamun suke gaba ɗaya, sai ka duba taswira ka bi layin da yatsa daga inda kake, ka wuce inda zaka sauka, har ƙarshen layin, sunan da ka tarar a can shi zaka nema a allo.

Ga wani abu da ake mantawa, hannun da ake tuƙi. A Ingila da Japan da Indiya da Kenya da Afirka ta Kudu ta hagu ake bi, in ka saba da dama zaka tsaya a tsallaken da ba shi ba kana jiran bas ɗin da zai mayar da kai inda ka fito, kuma wajen tsallaka titi ma ka duba duka ɓangarorin don idonka ya saba da ɗaya.

Sai kuma mai tsayawa ko'ina da mai tsallake tashoshi. A New York da Tokyo jirage biyu suna iya bin hanya ɗaya, ɗaya yana tsayawa a kowace tasha ɗaya kuma sai manya, in taka ƙarama ce kana kallo ta taga zai wuce ta da gudu. Kuma wasu layukan suna rabuwa biyu a gaba, don haka ba duk jirgin da ya tsaya a dandamalin ne naka ba, karanta allon kafin ka sa ƙafa.

Taswirar jirgin nan duk ta ruɗa ni, layi-layi kala-kala.

Ba taswirar gari bace shi ya sa. Irin wannan zanen Harry Beck ne ya yi wa Landan aka fara buga shi a 1933, sauran garuruwa suka kwaikwaya, kuma da gangan aka watsar da nisa na gaskiya aka bar jerin tashoshi da inda layuka suke haɗuwa. Toh sai ka ga tasha biyu sun yi nesa a takarda alhali a ƙasa tafiyar ƙafa ce, tashoshin Leicester Square da Covent Garden na Landan ko mita 300 babu tsakaninsu amma baƙi suna sauka ƙasa su hau jirgi dominta. Kai dai nemi inda kake, nemi inda zaka, in ba launi ɗaya bane nemi mahaɗar da zaka canza. Ni shawarata hanyar da ke da canji ɗaya ta fi mai canji uku ko da ta ɗan fi daɗewa, balle da kaya.

Manhajar waya bata isa ba?

Tana taimakawa ƙwarai, Google Maps ko Citymapper ko Moovit, kuma hukumar sufurin gari sau da yawa tana da tata wadda ta fi sanin in an rufe layi. Amma ka sani taswirar Google da ka sauke don amfani ba data bata nuna hanyar bas da jirgi, sai da intanet, sannan a ƙarƙashin ƙasa sabis yana ɗaukewa a wasu garuruwan. Don haka tun kana masauki ka ɗauki hoton hanyar a waya, ka kuma rubuta adireshin masaukinka da sunan tashar da ta fi kusa da shi a takarda ka sa a aljihu, don caji yana ƙarewa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A garuruwan da ƙananan motocin haya suka fi yawa kuwa manhaja bata san rabinsu ba.

Toh ni garin da na je ba jadawali ba allo, ƙananan bas ne kawai da kwandasta yana ihu.

Wannan ma tsari ne, a kan mutane yake ba a bango ba. Matatu a Nairobi, trotro a Akra, jeepney a Manila, duk dangin juna ne: hanyar a san take, amma lokacin tashi sai mota ta cika. In kana sauri shiga wadda ta kusa cika ko da kujerar baya ce ta rage, in ka zaɓi wadda ba kowa don ka samu gaba toh ka shirya zama. Abin da kwandasta ke kira shima sunan ƙarshen hanya ne ko wata babbar mahaɗa, don haka kafin ka shiga faɗa masa sunan inda zaka ka jira ya amsa, in ka samu dama ka sake tambayar wani fasinja, saboda mai neman cika mota wani lokacin ko ina ka ce "shigo" zai ce.

Kuɗin mota kuma tambayi mai masaukinka ko wani fasinja kafin a zo karɓa, ko ka ɗan jinkirta ka ga abin da na kusa da kai ya miƙa. A jeepney hannu da hannu ake miƙa kuɗi har ya kai ga direba canji ma ya dawo ta haka, in aka miƙo maka ba kyauta bace, wucewa zaka yi da shi gaba. A Afirka ta Kudu kuma da alamar yatsa ake tsayar da motar gwargwadon inda aka nufa, sai ka sa wani ya nuna maka taka. In kaya gare ka a yi maganar kuɗinsu kafin a ɗaure su a sama, bayan an ɗaure bakinka ya mutu.

Babur da mai ƙafa uku fa?

A gama ciniki kafin ka hau, a kuma fayyace shata ce kai kaɗai ko za a ɗauki wasu a hanya. Babur in ba hular kwano ni dai bana ba baƙo shawara. Tasi mai mita ka ga an kunna ta kafin a tashi, wadda ka kira ta Uber ko Bolt ko Careem ko Grab kuma duba lambar motar ta yi daidai da ta waya.

Bana jin yarensu, ya zan yi tambaya?

Matambayi baya ɓata, amma a gajarce tambayar. Nuna sunan wurin a rubuce, in garin suna da nasu haruffan kamar Larabci ko Sinanci ko Rashanci ka sa a rubuta maka da nasu, don yadda kai kake furta sunan ƙila ba mai ganewa. Ma'aikacin tasha mai kayan aiki shi ne na farko, in babu sai mai shago ko ɗalibi. Kuma kada ka ce "wannan na zuwa wuri kaza ko?" don mutum yana iya gyaɗa kai don kunya ko don ya rabu da kai, ce masa "wanne ke zuwa wuri kaza" ya nuna da hannunsa.

Ya zan san mun iso, in kuma na wuce fa?

A jirgi da sauƙi, ƙirga tashoshi ka riƙe sunan wadda take kafin taka, da an bar ta ka miƙe ka matso ƙofa. Wasu ƙofofin sai ka danna maɓalli suke buɗewa, kada ka tsaya kana kallonta. Bas ne mai wuyar, domin a garuruwa da yawa baya tsayawa sai an danna ƙararrawa a ciki ko an ɗaga masa hannu a waje, ka buɗe taswira kana bin ɗigon nan da ke nuna inda kake, ko ka gaya wa direba tun a shiga. Ƙofar shiga ma ba ɗaya bace ko'ina, a bas ɗin Kyoto da yawa ta baya ake shiga a biya a gaba wajen sauka.

In ka wuce ba abin tashin hankali bane. A jirgi sauka a ta gaba ka koma ɗaya dandamalin ba tare da ka fita ƙofar tikiti ba, a bas kuma ka tsallaka titi, sai dai in titin mai hannu ɗaya ne na komawar yana iya zama a wani layin daban.

Mace ce ni kuma ni kaɗai zan riƙa fita, akwai abin da ya kamata in sani?

Akwai 'yar'uwa. Garuruwa da dama sun ware tarago na mata, jirgin Alƙahira da aka buɗe a 1987 yana da shi, na Delhi ma haka, Dubai akwai na mata da yara, Tokyo kuma a wasu layukan lokacin cunkoso. Alamar tana ƙasa a dandamali ko a jikin ƙofa. Ba dole bane ki shiga nan, zaɓi ne, amma maza su kula don a Dubai tara ake ci in namiji ya shiga, haka wanda ya zauna a taragon Gold, wato mai daraja ta ɗaya, da katin da ba na Gold ba. In dare ya yi zauna kusa da direba ko inda mutane suke, tarago wayam ba hutu bane, kuma in wani ya dame ki canza wuri ki ɗaga murya, akwai maɓallin kiran ma'aikata a yawancin jirage. In tasi ce tura wa wani lambar motar.

Ana yanke aljihu da gaske ko tsoratarwa ce?

Ana yi, musamman a layukan da baƙi suka fi bi da kuma bakin ƙofa lokacin turereniya. Jakar baya ta dawo gaba, waya kada ta zauna a aljihun baya, fasfo da manyan kuɗi a cikin riga. Wanda ke tsaye dab da ƙofa yana latsa waya shi ɓarayin suka fi so, a fizge ƙofa ta rufe.

Har ƙarfe nawa ake samun mota?

Kada ka ɗauka babban gari baya barci. Jirgin New York yana aiki dare da rana, amma na Tokyo da duk girmansa yana tsayawa wajen sha biyu zuwa ɗayan dare sai asuba, Landan kuma tun 2016 wasu layuka ne kawai ke kwana suna aiki daren Juma'a da na Asabar. Abin dubawa shine jirgin ƙarshe na layin da zaka canza zuwa gare shi, ba na wanda ka fara hawa ba, nan ne mutane ke maƙalewa a tsakiya. Ranakun hutu jadawalin daban ne kuma a lokacin ake yawan rufe layi don gyara. Lokaci kuma da awa 24 ake rubuta shi, 17:40 shine shida saura ashirin na yamma. Safiya lokacin fita aiki da yamma lokacin tashi, in ba dole ba bari su wuce, balle kana jan akwati.

In sayi tikitin yini ko na mako, ko in riƙa biya ɗaya-ɗaya? Na ji ma wai wani wurin kyauta ne.

Lissafa hawa nawa zaka yi a rana da gaske, ba wanda kake buri ba. In sau biyu ne zuwa da dawowa yawanci ɗaya-ɗaya ya fi, in yawo zaka yi na yini ya fi. A Landan in da kati kake biya akwai iyakar da in ka kai ta a rana ba a ƙara cire maka. Ka kuma duba ko na yinin awa 24 ne daga lokacin da ka buga ko kuwa da ranar yake ƙarewa, don saye da yamma asara ce in na biyun ne. Maganar kyauta gaskiya ce a Luxembourg tun 2020, ban da taragon masu daraja ta ɗaya. Amma Tallinn, babban birnin Estoniya, da ta fara a 2013 mazauna garin masu rajista kawai ta yafe wa, kai baƙo biya zaka yi.

Me zan yi da zai ja min harara?

Shiga kafin masu sauka su sauka, wannan kam ko'ina ba a so. Tsayawa a tsakiyar matakala mai tafiya da kanta, a Landan dama ake tsayawa a bar hagu ga masu sauri, a Tokyo hagu ake tsayawa, kai dai kalli na gabanka. Waya a lasifika da doguwar hira da ƙarfi, a jiragen Japan amsa waya ma ba a so. Ci da sha kuma a jirgin Singafo da na Dubai ba harara kaɗai bace, tara ce. Kujerun da aka yi wa alamar tsofaffi da masu ciki da masu buƙata ta musamman in ka zauna ka zama a shirye ka tashi.

Na manta jakata a cikin bas, shikenan ta tafi?

Ba lallai ba. Nan take rubuta lambar layin, ƙarfe nawa ne, inda ka hau da inda ka sauka, da ɓangaren da ka zauna, sai ka gaya wa ma'aikacin tasha mafi kusa, wani lokacin suna iya kiran direban kafin ya kai ƙarshen hanya. Manyan hukumomin sufuri suna da ofishin kayan da aka tsinta, ana cike fom a intanet, amma kayan kan ɗauki 'yan kwanaki kafin su isa can don haka kada ka cire rai a ranar farko. In ƙaramar motar haya ce je tashar da take lodi ka nemi shugabannin tashar, sun san direbobinsu, ko launin motar da wani rubutu na jikinta ka tuna zai taimaka. In fasfo na cikin jakar kuwa kada ka tsaya jira, kai rahoto wurin 'yan sanda a ba ka takarda sannan ka wuce ofishin jakadancin ƙasarku da ita.